Yaron Nan na Masar

Mai Wurno, Sudan
20 ga Agusta, 2013

Zuwa ga Ya'ƙub ɗan Kawu Hussain, a Alƙahira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka ci ba, tunda shekara uku ke nan ko guntun takarda ba mu gani daga wajenka ba. Ya jiki, ya 'yarka Mahasin da yaranta? Mun ji a rediyo garinku ya rikice, Allah Ya kawo sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwa da ta juya mini baya, da kunne da ya tafi yawo bai dawo ba. Kada ka ce me ya hana ni buga waya. In aka kara mini ita, ba na jin komai sai kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta. Shi ya sa na ba Hamad mai fataucin zoɓo wannan takarda, ya ce duk wata biyu yana shiga Masar.

Shekaranjiya na yi sadakar babban Kawu, yayan ubanka, kwana goma bayan Ƙaramar Salla kamar kullum. Waina kwano huɗu, ba ta kai azahar ba. Sama da shekara hamsin ke nan ina soya ta da hannuna, tun ran da Inna ta miƙo mini tanda.

Ka san zancen, amma da yake kai ɗan birni ne, bari in tuna maka. Kakanmu Alhaji Nata'ala ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai je Makka, yaƙin Turawa na farko ya rufe teku, ya bi Nilu ya sauka Masar neman abin yi. Can ya binne ɗansa na fari, kafin ya komo Sudan ya auri kakarmu Fatuma, ta haifi ubanka da uwata. Bai taɓa faɗin sunansa ba, ka san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Sai dai ya ce "yaron nan na Masar". Shi ya kafa sadakar, shi ya sa mata rana.

To kai shekara arba'in kana zaune a garin da kawuna, baffanka, yake kwance, ba ka taɓa zuwa ka yi masa sallama ba. Ni tafiya ta matso. Ina so kafin in rufe ido ka nemo kabarin, ka tsaya a kansa, ka rubuto mini ka ce ga inda yake. Ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan.

Uwar ɗakinka,
Hawwa

*

Hadayek el-Ma'adi, Alƙahira
11 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga baiwata Hawwa, wadda tsufa ya sa ta manta wane ne ɗan namiji, wace ce 'yar mace.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin zoɓo. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Likita ya raba ni da sukari, wai abota ta yi yawa. Tun da na ajiye tuƙin ofishin jakadanci a Zamalek, aikina biyu ne, masallaci da gardama da mai gidan haya. Gari ya ɗan lafa, sai dokar hana fita da ta mai da mu kaji, rana na faɗuwa kowa a akurki.

Maganar Baffa kuwa, na karɓa, kuma zan yi. Amma ki bari in ba ki labarin maƙabartar garin nan, don ke kina zaton irin tamu ce ta bayan gari, mai fasassun tukwane. Wannan gari ce guda. Tana da tituna, tana da shaguna, har masu rai sun tare a ciki suna shanya kaya a kan magabata. Na je ranar Juma'a, na sami wani tsohon mai gadi da aka ce ya san kowa, na sama da na ƙasa.

Na ce masa yaro nake nema. Ya ce sunansa? Na ce ba a faɗa. Ya ce sunan uwarsa? Na ce ba mu tambaya ba. Ya ce yaushe ya rasu? Na ce ya kusa shekara ɗari. Sai ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda rana ta daka, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajj, zauna ka sha shayi."

Na sha. Na koma sau huɗu, na sha huɗu. Ban samo Baffa ba, amma na yi aboki.

Saboda haka ga abin da nake so. Kin tuna abin nan da aka ɗinke a jar fata, wanda Kaka yake ratayewa a ƙusa bisa gadonsa? Kowa yana cewa laya ce. Laya a jiki ake sa ta, shi kuwa ban taɓa ganin ya sa ta ba ko sau ɗaya. Tun ina yaro nake zargin wani abu ne daban. Na san yana wajenki, don ba abin da ya fita daga ɗakin nan bai bi ta hannunki ba. Ki ba Hamad ya kawo mini. Mutumin da kunya ta hana bakinsa faɗin suna, ba lalle ne ta hana alƙalaminsa ba.

Ubangidanki har gobe,
Ya'ƙub

*

Mai Wurno
19 ga Disamba, 2013

Ya'ƙub, bayan gaisuwa da fatan sukari ya ci gaba da gudunka.

Kwana ashirin na yi ina juya maganarka. Shekara arba'in da bakwai abin nan yana ƙasan adakata, ban taɓa sa masa ko farce ba. Yanzu ka ce in ba mai zoɓo ya tsallaka ruwa da shi. To ga shi nan, na naɗe shi a sabon ɗankwali. Na sa Hamad ya rantse a aljihun ƙirji zai sa shi. In ka farke ka ga ayoyi ne, ka mayar ka ɗinke, ka nemi gafara, alhakin yana wuyanka.

Tunda kai lokacin da Kaka yake magana kana can kana bin jakunan mutane, bari in rubuta maka abin da na ji da kunnena, lokacin ina da shi. Ranar sadaka yakan sa a shimfiɗa masa buzu kusa da murhu, ina suya yana kallon wuta. Sai ya ce, "Kwana goma sha ɗaya ina kore masa ƙuda. Ba ya iya haɗiyar ruwa, sai in jiƙa tsumma in matsa masa a leɓe. Ran da zai tafi ya kama babban yatsana, kansa a kan cinyata." Iyakarta ke nan. Duk shekara ba ƙari ba ragi. Daga nan sai ya ja carbi.

Ni a raina kullum ɗan shekara goma nake ganinsa, siriri, ƙafa duk faso saboda tafiyar Haɗeja. Wani lokaci in ina juya waina har magana nake yi masa. In ka same shi ka gaya masa Hawwa ce mai tandar.

Kada ka ja mini rai.

Hawwa

*

Alƙahira
9 ga Fabrairu, 2014

Hawwa, gaisuwa mai yawa. Muna lafiya.

Saƙo ya iso, na buɗe. Ba ayoyi ba ne. Abin ba yadda muka ɗauka yake ba. Ki ba ni lokaci in tabbatar, kuma kada ki yi zancen da kowa tukuna.

Ya'ƙub

*

Mai Wurno
14 ga Afrilu, 2014

Ya'ƙub, ina gaishe ka don addini ya ce a yi gaisuwa.

Kai da in aka tambaye ka hanyar kasuwa sai ka fara daga auren kakan mai tambaya, yau ka aiko mini layi huɗu? Na juya takardar baya ko akwai saura, na leƙa ambulan, na girgiza shi. Hamad ya sake zuwa ya dawo hannu rabbana, ya ce ka ba shi shayi ka ce ba saƙo.

Wata biyu ina karanta layukan nan, kuma na gane abin da kake nufi, ba sai ka faɗa ba. Ɗaya ne cikin uku. Ko ka yar da abin a motar haya kana jin kunyar faɗa. Ko an tone wajen an shimfiɗa titi, motoci suna bi ta kan kawuna. Ko kuwa na ukun, wanda shi ne ya hana ni cin abinci: ka ce kada in gaya wa kowa. Me ake ɓoyewa a zancen haihuwa in ba abu ɗaya ba? Wato Kawu ba ta hanyar aure aka same shi ba. In haka ne, ka ƙone takardar, ka watsa tokar a Nilu. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu ba za a tone shi a bakin jikokinsa ba. Amma ni ka gaya mini. Na binne miji da 'ya'ya uku, ba magana ce za ta kashe ni ba.

Hawwa

*

Hadayek el-Ma'adi
6 ga Yuni, 2014

Zuwa ga Hawwa, bayan sallama da gaisuwa da neman afuwa. Jikina lafiya, bakina ne ya yi nauyi.

Ukun nan duk kin kuskure. Ban yar ba, ba a yi titi ba, kuma Kaka bai yi abin kunya ba. Ki nemi wuri ki miƙe gwiwar nan, don ta doguwar hanya zan bi da ke.

Na farke fatar da reza bayan na yi sallar walaha. A ciki akwai maɓallin riga na tagulla guda ɗaya, da takarda an ninke ta takwas. Na zaci zan ga ajamin Kaka, sai ga Turanci. Shekara talatin ina tuƙa Turawa, Turancina ya ishe ni karanta allon hanya da ba ɗan sanda haƙuri, amma na ɗauka na kai wa Mahasin ofishinsu a Dokki, don kada in yi wa mamaci ƙarya.

Wata nas ce ta rubuta, a asibitin sojoji na nan Alƙahira, a shekarar 1915. Ta ce mai ɗauke da wannan takarda, Nata'ala, yana ɗebo musu ruwa yana wanke daɓe, mutum ne mai amana, duk wanda ya ɗauke shi aiki ba zai yi nadama ba. Takardar shaida ce ta neman aiki, Hawwa. Da ya nuna ta da ya sami gurbi a ko'ina, sai ya ɗinke ta a fata. A ƙasa nas ɗin ta ƙara layuka. Ta ce kwana goma sha ɗaya ya zauna da wani soja mai suna Clement, ɗan ƙasar Ostareliya, mai shekara goma sha tara, wanda harsashi ya samu a wuya a wani yaƙi a gaɓar tekun Turkiyya, aka kawo shi nan a jirgin ruwa. Ba wanda ya sa shi. In ya gama aikinsa sai ya je ya zauna. Ta ce daga ƙarshe zazzaɓi ya rufe wa yaron ido, yana kiran Nata'ala baba, shi kuma yana amsawa.

Ta rubuta inda aka binne shi, kuma na san wajen. Nan ne abin dariyar, in akwai. Maƙabartar sojoji ce a tsohon gari. Shekara goma sha tara, duk shekara sai na kai jakada ƙofarta, shi ya shiga da furanni, ni in zauna a mota in ci burodi da wake. Ashe tsakanina da yaron nan na Masar bai fi taku sittin ba. Na ƙirga.

Ciyawa a aske, duwatsu farare a jere kamar sahun salla. Mai ban ruwan wajen ya buɗe littafinsu, ya kai ni har kansa. Ga sunan, ga shekarun, ga gicciye an sassaƙa. Ranar rasuwa 22 ga Agusta, 1915. Na sa Mahasin ta juya mini ita zuwa lissafin wata. Kwana goma bayan Ƙaramar Salla. Ko kwana ɗaya Kaka bai kuskure ba.

A gindin dutsen akwai layi ɗaya, mai ban ruwa ya ce iyaye ne suke aiko abin da za a sa. Nasa uwarsa ce ta aiko. Ta ce: "Ɗanmu tilo, yana kwance cikin baƙi."

To kin ji. Ba jininmu ba ne, kuma ba Musulmi ba ne. Abin da ya ɗaure mini hannu wata huɗu ke nan. Ba Kaka nake ji ba, ke nake ji, da tandarki, da hayaƙin shekara hamsin. Azumi ya ƙarato. Ban ce ki soya ba, ban ce ki bari ba. Kin ce in nemo, na nemo. Na tsaya a kansa, kuma na gaya masa Hawwa ce mai tandar, tunda haka kika ce.

Ya'ƙub

*

Hadayek el-Ma'adi
17 ga Oktoba, 2014

Yaya Hawwa, ina gaishe ki, ina yi miki barka da Babbar Salla. Ya gwiwa?

Sau biyu Hamad yana zuwa ba takarda. Na tsare shi a ƙofa. Ya ce ya ba ki tawa hannu da hannu, kin karanta, kin ce "To." Da na matsa masa ya ce bana ba a ji ƙamshin waina a gidanki ba, mutane har sun zaci ba ki da lafiya.

Da na san haka za ta kasance da na ce miki an yi titi. Ƙarya ɗaya ce, da na ɗauke ta na tuba. Na raba ki da kawu, ban ba ki komai a madadinsa ba.

Ni dai ina zuwa wajen duk Alhamis, ban san dalili ba. Mai ban ruwa ya ce a watan Afrilu yaƙin zai cika shekara ɗari, mutanen Ostareliya za su zo da yawa, kowa wajen nasa.

Ko zagi ne ki aiko, zan karɓa.

Ƙanenki,
Ya'ƙub

*

Mai Wurno
8 ga Janairu, 2015

Ya'ƙub, lafiyata ƙalau. Ka daina ce mini Yaya, ka sa na zaci likita ya gaya maka wani abu a kaina.

Gaskiya ne ban soya ba. Ranar na tashi na ga shinkafar da na saya tun Sha'aban, na ja ƙofa na rufe. Maƙwabta suna aiko da kwanuka, ina cewa a ce ba na nan. Haushi ne, ba zan ɓoye maka ba. Ɗan shekara goman nan mai faso da nake yi wa hira, ashe babu shi. Ka kashe mini shi da reza, ka ba ni ƙaton Bature da bindiga. Na ce Turawa suka ci Haɗeja a gaban idon Kaka, suka koro mutanen garin nan daga gidajensu, ni kuma na ƙare idona a hayaƙi saboda ɗansu.

Har da Kaka na yi fushi. Wata uku ban kira sunansa a addu'a da daɗin rai ba.

Abin da ya juyo ni ba malami ba ne, ban tambayi kowa ba. Ina tsintar shinkafar nan ne don kada ƙwari su cinye ta, sai na tuna abin da yake faɗa in an sauke tandar farko. Mu mukan ɗaga hannu mu ce Allah Ya jiƙan Kawu. Shi bai taɓa cewa haka ba. Sai ya ce, "Allah Ka san shi, ni ma na san shi. A ba yara su ci." Shekara da shekaru ina jin wannan, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ashe malamin ya san iyakarsa. Bai tsallaka ba, kuma bai yar da yaron ba.

Bai yi mana ƙarya ba, Ya'ƙub. Mu ne muka ga ya ɓoye suna muka ce ɗan fari ne. Amma tsaya in tambaye ka, kai mai wayo. Me ya hana shi faɗin sunan? Mutumin da yake jero garuruwa tamanin daga Haɗeja zuwa bakin teku ba ya tuntuɓe, shi ne sunan yaro ɗaya zai gagara? Kunya ce. Yaro ya ce baba, ya amsa. Lokacin ba a haifi ubanka ba, ba a haifi uwata ba. Wanda ka fara amsa wa baba shi ne na fari. Lissafinmu bai ɓace ba, launin ne kawai ba mu sani ba.

Na rama sadakar ranar Juma'ar da ta wuce, kwano biyar, ɗaya na tarar latti. Ban ce Allah Ya jiƙansa ba, na faɗi abin da Kaka yake faɗa. Na ciyar da mai jin yunwa, inda lada zai sauka ba aikina ba ne.

Saura magana ɗaya, ita ce take ci mini rai. "Cikin baƙi." Baiwar Allah, ta mutu tana zaton ɗanta ya cika ba mai riƙe masa hannu. Ni na san abin da ake ji, ɗana na biyu a asibitin garin Madani ya rasu ina hanya. Shekara ɗari ana saka wa yaronta tanda, ita ba ta sani ba.

Saboda haka ga aikinka. Ranar taron nan ka sa babbar riga, ba jallabiyar nan taka mai kama da buhun gawayi ba. Ka tsaya a kansa tun kafin kowa. In danginsa sun zo, ka yi musu ta'aziyya da sunan Alhaji Nata'ala, ka gaya musu kansa a kan cinya ya cika. Gaisuwar ta yi latti, amma ba ta ruɓe ba.

Uwar ɗakinka, ko ka so ko ka ƙi,
Hawwa

*

Hadayek el-Ma'adi
28 ga Afrilu, 2015

Zuwa ga Hawwa, da sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙafa da ta kumbura saboda aikin da kika sa ni.

Na sa shuɗiyar babbar riga, wadda na ɗinka don auren Mahasin. Ta ɗan matse, amma ta shiga. Ina idar da sallar asuba na hau jirgin ƙasa. A ƙofa wani mai tsaro ya ce direbobi a waje suke jira. Na ce masa na sani, shekara goma sha tara na yi a wannan makarantar, yau dai ciki zan shiga. Mai ban ruwa ya hango ni ya ce, "Yalla ya Hajj, shigo."

Sun zo da yawa, tsofaffi da jikoki, wasu da lambobin kakanninsu a ƙirji. Aka busa ƙaho, aka yi shiru na ɗan lokaci. Shirunsu yana da kyau, ban zaci sun iya ba. Daga nan kowa ya watse yana neman nasa. Wannan ya durƙusa, wancan ya ajiye hoto. Ni ina tsaye a kan namu kamar dogarin da aka manta da shi. Duk wanda ya doso layin sai in gyara hula in shirya Turancina, sai ya wuce.

Har rana ta take ba wanda ya zo. Sai a lokacin na gane abin da ya kamata mu gane tun farko, mu biyu masu wayo. Ɗa tilo ne, Hawwa, ya mutu bai yi aure ba. Wa zai zo?

Ina shirin tafiya sai ga wata tsohuwa, sa'armu, da sanda da kwandon jajayen furanni da wani littafi. Tana bin duwatsun da ba a ajiye wa komai ba, ta sa fure ɗaya, ta yi rubutu. Ta ce daga ƙasarsu take, ita da ƙawayenta suka ɗauki wannan aiki don kada a bar kowa haka. Da ta iso namu ta ajiye fure, ta rubuta, sannan ta dube ni ta yi godiya, wai ciyawa ta yi kyau.

Na ce mata ba ni nake ban ruwa ba. Ta ce to me nake jira? Na ce baffana ne.

Ta dubi dutsen, ta dube ni, ta sake duban dutsen. Na bar ta ta gama dubawa, ba sauri nake ba. Sannan na ciro takardar nas na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta nemi gefen dakali ta zauna ta sake karantawa. Na ba ta labarin tsumma da babban yatsa, da waina, da ke. Kalmar tanda ta gagare ni a Turanci, sai na zana mata a ƙasa da sandarta. Da na ga ba dangin da za a yi wa ta'aziyya, sai na yi mata, tunda ƙasarsu ɗaya. Na yi da Hausa, yadda Kaka zai yi. Ba ta ji ko kalma ba, amma ta san abin da ake yi, ta sunkuyar da kai har na gama.

Sai ta nuna mini littafin. Gaban sunansa ta riga ta rubuta cewa ba dangin da ya zo. Ta ce wannan littafi ƙasarsu zai koma a ajiye shi. Ta tambaye ni mu nawa ne. Na ce jikokin Alhaji Nata'ala da tattaɓa kunne, waɗanda na sani, sun haura ɗari biyu, ban da waɗanda suka koma Najeriya. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce duk maƙabartar nan ba mai jama'arsa.

Ta ja layi ta soke abin da ta rubuta, ta sa "dangi sun zo". Ta miƙo mini alƙalami in sa suna. Na rubuta naki a sama, nawa a ƙasa. Ni taku sittin kawai na yi, ke kika yi shekara hamsin.

Wassalam.

Ya'ƙub